Allurar girma da gwajin tayirod: yadda ake bi da yaron da tsawonsa ya tsaya

Littafin awon shagona ne ya tona zancen. Ni tela ne a Agege, shekara goma sha tara ke nan ina kan keke, kuma duk wanda na taɓa ɗora wa tef yana da shafinsa a littafin, har 'ya'yan cikina. Ana saura mako uku ƙaramar Sallah na kira yarona na biyu in auna shi, lokacin yana da shekara bakwai. Tsawon riga daga kafaɗa zuwa ƙasan gwiwa, inci 23. Na buɗe shafinsa zan rubuta, sai idona ya faɗa kan na bara, inci 22 da rabi. Na bara waccan, 22. Na juya shafin ƙaninsa, wanda ya ba shekara biyu da rabi, shi ma 23. Na daɗe riƙe da biro ban rubuta komai ba.

Da daddare na nuna wa uwarsu. Ta ce, "Malam, ni ma na lura. Takalmin makarantarsa shekara biyu ke nan ba mu canja ba." Muka buga wa Hajiya waya a Katsina, ta ce, "Kai dai ka cika tsoro. Kawunka ma haka ya yi, sai da ya balaga ya miƙe kamar gora. Ku ba shi abinci." Maganar Hajiya tana da tushe, don akwai gidajen da yaransu suke makara wajen girma, daga baya su kamo sa'o'insu. Sai dai namu ba irin wannan ba ne. Shekara guda cur muka yi muna ɗura masa maganin cin abinci na kwalba da wani mai kemis ya haɗa mu da shi. Kumatu suka fito, tsawo bai motsa ba. Daga baya likita ta gaya mana cewa wasu haɗe-haɗen ƙiba akwai sitiroyid a ciki, irin su deksametason, wanda ke kumbura fuskar yaro yana kuma danne girmansa.

Wannan shekarar da muka ɓata ita ce ba na so wani uba ya ɓata. Ga hanyar da muka bi daga baya, da inda muka yi tuntuɓe. Ma'aunin magani kam na likitan ɗanka ne, amma akwai aiki mai yawa da ba wanda zai yi maka shi sai kai da uwar yaron.

Fara da bango da fensir

Ido ba mudu ba ne, ko da yake ya san ƙima. Kafin ka je ko'ina, ka auna. Samu bango miƙaƙƙe da daɓe mai tauri ba tudu ba kwari. Cire wa yaron takalmi da hula, in mace ce a kwance mata ɗaurin gashi. Ya tsaya dunduniya da mazaunai da kafaɗu suna taɓa bango, yana kallon gabansa, ba sama ba. Ɗora littafi mai tauri a kansa, gefen littafin ya manne da bango, ka ja layi da fensir a ƙarƙashinsa. Ya matsa, ya dawo, a sake, har sau uku, ka ɗauki na tsakiya. Kullum da safe za ka riƙa yi, domin mutum ya fi tsawo da safe, kafin yamma yakan ragu da kusan santimita ɗaya. Mu teloli da inci muka saba, amma asibiti da santimita suke aiki, saboda haka juya tef ɗin. Inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Awo ɗaya ba ya faɗin komai sosai. Abin da likita ke nema shi ne nawa yaron ke ƙarawa a shekara. Jariri yakan ƙara kusan santimita 25 a shekararsa ta farko, ta biyu wajen rabin haka, daga shekara huɗu zuwa balaga kuma kusan 5 zuwa 6 duk shekara. Wanda ya kasa ƙara santimita 4 a shekara, a kai shi a duba. Namu 3 ya ƙara. Ka riƙa aunawa duk wata uku kana rubuta kwanan wata, kada ka mayar da shi na kullum, za ka tayar wa yaron hankali a banza.

Sannan ka auna kanka da uwarsa, a bangon nan dai. Haɗa tsawonku biyu, in namiji ne ka ƙara 13, in mace ce ka cire 13, ka raba gida biyu. Ni 172 nake, uwarsu 161, lissafin ya ba da 173. Kusa da nan ake sa ran yaron zai tsaya in ya girma, da ragi ko ƙari na kamar santimita 8. In ku biyun gajeru ne, yaron kuma yana ƙara 5 ɗinsa duk shekara, to gado ne, ba ciwo ba. Namu yana shekara takwas yana santimita 108, alhali sa'o'insa suna wajen 128. Wannan ba gadonmu ba ne.

Asibiti

Likitan da kake nema likitan yara ne mai ƙwarewa a sinadaran jiki, a asibiti za ka ji ana ce wa sashensu endokirin. A nan Legas ana samun su a asibitocin koyarwa, LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja. A LUTH ma akwai cibiyar da ke horar da irin waɗannan likitoci don ƙasashen Afirka ta Yamma. Ka fara da asibitin gwamnati na kusa da kai su ba ka takardar turawa, ka tambayi ranar da sashen ke ganin yara. Ka riƙe katin rigakafin yaron, wanda ke ɗauke da nauyinsa na haihuwa, da littafin awonka, da kwalaben duk maganin da ya taɓa sha, har na gargajiya. Ka fita bayan Asuba. Wanda ya bari rana ta fito, gosulon Oshodi ya cinye masa layi.

Kada ka shiga ɗakin likita da maganar allurar girma a bakinka. Yawancin gajerun yara ba ita suke buƙata ba. A ƙasarmu abin da ya fi tsayar da girman yaro shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki, da sikila, da tsutsar ciki, da ciwon da ya daɗe a jiki kamar na ƙoda ko tarin fuka ko cuta mai karya garkuwa. Don haka za a fara da gwajin jini da fitsari da bayan gida da jinotayif. Za a ɗauki hoton ƙashin hannun hagu da wuyan hannu, a ga shekarun ƙashi. Namu yana da takwas, ƙashinsa na ɗan shekara biyar ne. Likita ta ce wannan labari ne mai daɗi ta wani ɓangaren, domin a bakin dogayen ƙasusuwa akwai guringuntsin da tsawo ke fitowa daga gare shi, kuma da zarar balaga ta kammala ya rufe, ba allura ba ƙwaya da za ta ƙara ko rabin inci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk mai tallar maganin tsawo ga ɗan shekara ashirin da biyar a Facebook, kuɗinka yake so.

In 'ya mace ce gajera ba a ga dalili ba, ka tambaya a yi mata gwajin ƙwayoyin halitta saboda ciwon Turner, ciwon da ake haifar mace da shi, wanda ke samun kusan yarinya ɗaya cikin 2,500. Su ma ana yi musu allurar girma, kuma tayirod ɗinsu yakan samu matsala, ana bin sa da gwaji duk shekara.

Tsoka biyu, aiki ɗaya

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan na fi so ka natsu.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce girman wake ba, sunanta fituwitari. Ita ke fitar da sinadarin girma. Sinadarin ya gangara hanta, hanta ta fitar da wani mai suna IGF-1, su biyun su sa guringuntsin ƙashi ya miƙe. A gaban wuya kuma akwai wata tsokar mai siffar malam-buɗe-littafi, ita ce tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa mutum yana da maƙoƙo. Tana fitar da sinadarin T4, jiki ya juya shi ya zama T3, wanda shi ne mai yin aikin. In ya yi ƙaranci komai na jiki sai ya yi sanyi, har da girma. A keken ɗinki, ƙafa ce ke taka feda, amma bel ne ke kai juyin ga allura. In bel ya saki, taka har ka yi gumi, ɗinki ba zai tafi ba. Sinadarin girma ƙafa ne, tayirod bel.

Saboda haka tayirod ake fara dubawa. Akwai yaran da matsalarsu gaba ɗaya a nan take, a ba su 'yar ƙwaya mai araha, tsawo ya dawo da gudu ba tare da allura ko ɗaya ba. Ban da haka, yaron da tayirod ɗinsa ke ƙasa, in aka yi masa gwajin sinadarin girma sakamakon zai iya fitowa ƙasa alhali ba nan cutar take ba. Sai an gyara wuya sannan a yarda da abin da gwajin kai ya faɗa.

Gwajin tayirod iri biyu ne a takarda, TSH da FT4. Rubuta su a bayan littafinka. FT4 shi ne T4 ɗin nan na tayirod da ke yawo a jini. TSH kuwa saƙo ne da fituwitari ke aika wa tayirod cewa ki yi aiki. Kamar maigidan shago ne da yaransa: in aiki ya yi sanyi, muryar maigida sai ta ɗaga. Don haka in tsokar wuya ce ta gaza, TSH yakan hau sama, kowa ya gani. To amma in maigidan ne kansa ba shi da lafiya fa? Shago zai yi shiru, kuma shirun ba ya nufin ana aiki. Yaron da ya rasa sinadarin girma, fituwitarinsa ce dama mai rauni, kuma ita ɗin ce mai aika TSH. A irin wannan yaro TSH zai iya fitowa daidai, ko ƙasa, alhali FT4 ya faɗi. Wanda ya duba TSH kaɗai ya koma gida da murna, ya koma da ciwon a hannunsa.

Game da maƙoƙon da muka sani a ƙauye, shi galibi rashin sinadarin ayodin ne, kuma tun 1993 Najeriya ta wajabta sa ayodin a gishirin ci. Ka sayi gishirin leda mai hatimi, ka rufe shi a mazubi nesa da zafin murhu. Amma gishiri ba ya gyara matsalar da ta taso daga fituwitari.

Ranar gwajin sinadarin girma

Kada ka kai yaro ɗakin gwaji na unguwa ka ce a auna masa sinadarin girma da ɗibar jini ɗaya. Asarar kuɗi ce. Jiki ba ya sakinsa a jere, yana fesowa ne lokaci-lokaci, mafi yawa da dare cikin barci mai nauyi. Da rana ko lafiyayyen yaro aka auna za a iya samun kusan babu.

Gwajin gaskiya a asibiti ake yi, a kan gado. Namu ya kwana bai ci komai ba tun tsakar dare. Aka sa masa kanula a hannu, aka ɗebi jinin farko, aka ba shi maganin da ke zungurar fituwitari ta saki abin da take da shi. Akwai kilonidin, akwai gulukagon, akwai wasu. Daga nan duk rabin awa nas ta zo ta ɗiba, har wajen awa uku. Kilonidin yana sa barci yana sauke hawan jini. Ina zaune a gefen gadon ina kallon leɓensa ya bushe, yana buɗe ido da ƙyar yana cewa, "Baba, shayi." Na ce masa saura ɗiba biyu. Ka tafi da abinci a kula don a ba shi da zarar an gama, kuma kada ka ɗora shi a kan acaɓa ranar. An maimaita da magani na biyu wata ranar, duka biyun suka nuna ƙasa. Sannan aka yi hoton MRI na kai, domin wani lokaci ƙari ne ke danne fituwitari, kuma dole a san haka kafin a fara. Tasa ƙarama ce kawai, babu ƙari. FT4 ɗinsa a lokacin yana cikin iyaka, amma can kusa da gindi. Likita ta zagaye lambar da jan biro ta ce, "Baban yaro, wannan za mu sa masa ido."

Kafin ka ce to

Liman na masallacinmu ya tambaye ni daga jikin me ake samo maganin, kuma tambaya ce mai kyau. A da, daga fituwitarin gawarwaki ake tatso shi. An daina a 1985, bayan an gano wasu da aka yi wa sun kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa. A shekarar ce Amurka ta amince da wanda ake haɗawa a masana'anta, inda ake sa ƙananan halittu su ƙera sinadari irin na mutum. Irinsa ake amfani da shi yau, sunansa somatirofin, yana zuwa da sunayen kamfani kamar Norditropin da Genotropin da Omnitrope da Saizen.

Maganar kuɗi kuma ku yi ta tun kafin allurar farko. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kowa ya san yadda kayan waje suka koma. Ana auna shi da nauyin yaro, galibi miligiram 0.025 zuwa 0.035 a kowane kilo a kullum. Namu yana kilo 20, aka fara shi da 0.6. Yaro na girma, ma'auni na ƙaruwa, kuɗi na ƙaruwa, kuma tafiya ce ta shekaru, har sai ƙarin tsawo ya sauko ƙasa da kusan santimita 2 a shekara. Wata biyu ana yi wata uku an tsaya ba ya haifar da ɗa mai ido. Mu da adashe biyu muka riƙe, da taimakon ƙanina da ke sayar da tumatir a Mile 12, na kuma sayar da keken sirfani ɗaya. Ka saya a kantin magani mai rajista wanda ke ajiye shi a firji, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda aka miƙo maka daga kan tebur a kasuwa, ko da rabin kuɗi ne, zafin rana ya riga ya kashe shi.

Allurar dare da firji

Abin allurar kamar biro yake, bakinsa siriri, milimita 4 zuwa 6, ƙarƙashin fata yake shiga ba cikin tsoka ba. Da dare ake yi kafin barci, don a bi lokacin da jiki ya saba saki. Wanke hannu. Ɗaga biron a haske, ruwan ya zama garau, in ya yi hazo kada ka yi amfani da shi, kuma kada ka girgiza. Sa sabon baki kowane dare. Juya lamba zuwa abin da likita ya rubuta, tattaro fata da yatsu biyu, soka a miƙe, danna har ƙarshe, ƙirga goma kafin ka zare. Ka riƙa canja wuri: cinyar dama, ta hagu, gefen cibiya, mazaunai, dantse. In aka nace wa wuri ɗaya fatar takan lotsa ko ta yi gudaji. Uwarsu ta zana jadawalin wuraren a bayan kalanda. Tsofaffin bakunan a jefa su cikin jarka mai kauri mai murfi, a kai asibiti. In an manta dare ɗaya, kada a ninka washegari.

Makon farko da kuka muka yi shi. Abin da ya kawo sauƙi shi ne yayansa, mai son ƙwallo, da ya ba shi labarin Messi: yaro ne daga Rosario ta Ajantina da aka gano yana da irin wannan rashi, yana yi wa kansa allura a ƙafa kowane dare, yana shekara goma sha uku ya koma Barcelona suka ɗauki nauyin maganin, ga shi a 2022 ya ɗaga kofin duniya a Katar. Daga ranar yaron ya ce shi zai riƙa danna biron da kansa.

Firji shi ne jarrabawar mazaunin Legas. Maganin yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. A tsakiyar firji ake sa shi, ba a ƙofa ba, ba kusa da gidan ƙanƙara ba. In ya daskare ya lalace, ko da ya narke ya koma garau. In aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kusan awa huɗu. Mu kullum akwai robobin ruwa biyu daskararru. Wuta ta wuce awa uku ba ta dawo ba, sai mu naɗe maganin a tawul mu sa a ƙaramar kula tare da su, ba tare da ya taɓa ƙanƙarar ba. Ka sayi ɗan ma'aunin sanyi ka ajiye a ciki, ka kuma shirya da maƙwabci mai sola tun kafin ranar buƙata. Haka muke yi in za mu gida Sallah, kular tana kan cinyar uwarsu tun daga tasha, ana sabunta ƙanƙara a hanya. Wasu nau'o'in suna jure zafin ɗaki na wasu kwanaki in bai wuce digiri 25 ba, takardar cikin kwalin za ta faɗa maka, sai dai ɗakunanmu a nan sun fi haka zafi yawancin shekara.

Wata na bakwai

Wata shidan farko ya ƙara santimita 5. Layukan fensir a bango suka fara nisa da juna, har uwarsu ta yi sadakar ƙosai. Sai abu ya canja. Malamin Islamiyya ya aiko cewa yaron yana barci a kan allo. A zafin watan Maris, da kowa ke neman fanka, ya ce a ba shi rigar sanyi. Bayan gida ya yi masa tauri, sai ya kwana uku bai zaga ba. Ƙwaurinsa ya yi fari fat ko an shafa mai. Na auna shi a bango, wata uku santimita ɗaya ma bai cika ba.

Likita ta riga ta rubuta mana gwajin TSH da FT4. Kuɗi ya yi mini wuya a makon, na je ɗakin gwaji na ce a yi TSH kaɗai tunda shi ya fi araha. Ya fito daidai. Na ajiye takardar na ce gajiyar makaranta ce, har mako shida suka wuce. Ranar da muka koma asibiti ta karanta, ta juya bayan takardar, ta ce, "Ina FT4?" Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo takarda ta sake zana mini kai da wuya, ta ce a yi shi yau. Ya fito ƙasa da iyaka.

Ga abin da ke faruwa. Allurar girma tana sa jiki ya ƙara saurin juya T4 zuwa T3, sai FT4 ya sauka, galibi a watannin farko. Yaron da fituwitarinsa ke iya aika TSH yadda ya kamata, saukar kaɗan ce kuma takan daidaita da kanta. Wanda tasa ke da rauni ta wannan ɓangaren ma, allurar ce ke fito da raunin fili. Ba ita ta kawo ciwon ba, dama yana kwance. In ba a gano ba, za ka ci gaba da zuba kuɗin allura tsawo bai zo ba. Shi ya sa ake gwada tayirod kafin a fara, a sake cikin watannin farko, sannan duk wata shida zuwa shekara, da kuma duk lokacin da girma ya ja baya ba dalili. Kada ka jira alamu, wasu yaran ba sa nuna komai sai tsayawar tsawo.

Kafin ta rubuta ƙwayar tayirod sai da ta sa aka auna wani sinadarin, kotisol, da ƙarfe takwas na safe. Shi ma fituwitari ce ke ba da umarnin fitar da shi daga wasu tsokoki da ke saman ƙoda. In yana ƙasa aka fara ƙwayar tayirod ba a gyara shi ba, yaro zai iya faɗuwa rai a hannun Allah. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka zuwa kemis ka sayo ƙwayar da kanka. Nasa ya fito lafiya.

Ƙwayar safe da awara

Sunanta lebotairoksin, za ka gan ta da sunaye irin su Euthyrox. Ƙarama ce, sau ɗaya a rana, da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Mun haɗa ta da sallar Asuba: ya yi alwala, ya sha, kafin a gama shirin makaranta lokacin shayi ya yi. Bayan mako shida aka sake gwaji, FT4 bai hau yadda ake so ba. Likita ta ce, "Maman yaro, me yake ci da safe?" Ashe maƙwabciyarmu mai suyar awara tana miƙo masa guda biyu da zafinsu tun da sassafe, ga kuma maganin ƙarin jini da muke ba shi tare da ƙwayar. Waken suya, da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da na ƙarfin ƙashi, duk suna tare ƙwayar a hanji su hana ta shiga jini. Ba a hana shi awara ba, an mayar da ita ta yamma. Maganin jinin ya koma bayan azahar, tazarar awa huɗu ko fiye. Gwaji na gaba ya zauna daidai, barcin aji ya tafi, bango ya ci gaba da karɓar layi.

A irin yaronmu da FT4 ake daidaita ma'aunin ƙwayar, ba da TSH ba. Ranar gwaji a ɗebi jini tukuna sannan ya sha ta safiyar. In ka ga ya kasa barci, zuciya na bugawa da sauri, yana zufa yana ramewa, ƙwayar ta yi yawa, a koma a gwada.

Akwai abubuwan da ba a jiran ranar layi a kansu ga yaron da ke kan allurar girma. Ciwon kai mai tsanani da amai ko gani dishi-dishi, musamman a watannin farko, a dakatar da allurar a kai shi ranar. Ɗingishi, ko ciwon ƙugu ko gwiwa, kada a ce targaɗen ƙwallo ne a kai shi wurin mai ɗori, domin kan ƙashin cinya yakan goce a yaron da ke girma da sauri. Yawan ƙishirwa da fitsari, a auna sukari. In yana wanka ka riƙa duba bayansa ko ƙashin ya fara karkata.

Yanzu shekara uku ke nan da allurar farko. Yana da sha ɗaya da rabi, santimita 133, ya ba ƙaninsa tazarar yatsu uku. Sallar bana na yanka masa shadda inci 29, na bar kalmasar inci biyu a ciki. Ranar Talata muna da layin asibiti, takardar gwajin tana cikin littafin awo da TSH da FT4 duka a rubuce, uwarsu kuma ta riga ta naɗe ƙwayar safiyar a jakarta, sai an ɗebi jini zai sha.